Shekarar da Na Ɗaga wa Madam Helen Duwatsu

Zainab, Hauwa, na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin mutanen gininmu na Soundview: wai an kori mamanku daga aiki saboda ta bar wata tsohuwa ta faɗi ta karye. Korar gaskiya ce, karayar ma gaskiya ce. Abin da ya faru kafin nan da bayan nan ne ba wanda ya zaunar da ku ya ba ku labari, ni kuma a lokacin ba ni da bakin magana. Yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni wuri ɗaya, bari in rubuta muku shi yadda yake.

Na yi shekara tara ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu lokacin da ejensin da ke tura mu aiki ta ba ni wani gida a City Island, ɗan tsibirin nan da ke gefen Bronx. Sai in hau jirgin ƙasa mai lamba shida har ƙarshen layi, sannan in kama bas ya haye gada da ni. Matar gidan sunanta Madam Helen. Ta haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda, Daniel, yana zaune a jihar Connecticut da iyalinsa. Idanunta sun kusa tafiya gaba ɗaya. Tana bambance haske da inuwa, amma rubutu ya fi ƙarfinta. An gaya mini mata uku ta sallama kafin ni. Ranar farko ina shiga falo na ga kwalabe jere a kan kanta, kowace da wani abu dogo mai ƙafafu barkatai a cikin ruwa mai launin shayi. Na ɗauka shanshani ne, na ja da baya.

“Na ji kin riƙe numfashi,” in ji ta daga kujerarta. “Duk haka suke yi. Tsutsotsin teku ne, sun daɗe da mutuwa. Kada ki goge musu ƙura, wannan aikina ne.”

Ashe malamar jami'a ce, kuma rayuwarta kaf a kan wannan tsutsa ta ƙare. Ni 'yar Fagge ce, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin da ya kawo ni ƙasar nan, don haka na yi ta mamakin mutum ya yi karatu har a kira shi dakta, ya ɓuge da tsutsa. Faɗa gare ta, ba ta son a kama mata hannu sai ta nema, shayi kuwa in ya huce kaɗan ta ce a sake. Amma ranar farkon nan, da azahar ta yi ina neman lungun da zan shimfiɗa sallaya, ta ji motsina ta tambayi abin da nake nema. Da na gaya mata, ta sa na janye teburin ɗakin karatunta, ta ce daga yau nan ne wurina, kuma ba za ta kira ni ba sai ta ji na naɗe sallayar. Har muka rabu ba ta saɓa ba ko sau ɗaya.

In ina taje mata kai ko ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta kama ba ni labarin tsutsotsin. Da farko “to, to” kawai nake cewa, daga baya na tarar ina saurare da gaske. Ta ce jikin tsutsar gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da 'yan fukafukai biyu na tsoka a gefe, a bakin kowane kuma akwai ɗan tsintsiyar gashi mai tauri. Da su take rarrafe, da su take iyo, ta nan kuma take shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Idanunta huɗu ne ƙanana. Haƙoranta a ɓoye suke cikin maƙogwaro, in ta ga abinci sai ta juyo maƙogwaron waje kamar yadda ake juya safa, haƙora biyu baƙaƙe masu lanƙwasa su fito, ta cafke, ta mayar ciki. Mazauninta ƙarƙashin duwatsun bakin teku, inda ruwa ke rufewa ya buɗe sau biyu a yini, a cikin rami da ta shafe da yauƙin jikinta. Tana cin gansakuka da ƙananan halittu da ruɓaɓɓen abin da ruwa ya kwaso, ita kuma kifi da ƙaguwa da tsuntsaye su ci ta. Ramukanta ne ke sa iska ta ratsa laka, in babu ita lakar sai ta yi baƙi ta yi wari. In ƙaguwa ta gutsure mata wutsiya, wata ta tsiro. Haihuwa kuwa sau ɗaya take yi. Idan sanyi ya wuce ruwa ya soma ɗumi, sai ta daina cin abinci, idanunta su girma, fukafukan su faɗaɗa, ta bar raminta ta hau saman ruwa tare da 'yan'uwanta, su zubar da ƙwai, su mutu.

Na ce, “Allah sarki. To wa ke renon 'ya'yan?”

“Ruwa,” in ji ta.

Tana da wani ɗan littafi mai ƙananan lambobi da ke nuna lokacin cikar teku da janyewarta. Wata rana tana son sanin yaushe ruwa zai fi janyewa, na lalubi littafin na rasa inda ta ajiye shi. Ta ce ba komai, abin da take bukata kawai ta san inda wata yake, don ruwa ya fi janyewa in wata ya cika ko in ya ɓata. Na ce ai yau sha biyu ga wata, jibi zai cika.

“Wane watan?” ta tambaya.

“Namu. Wanda muke azumi da shi.”

Ta yi dariya har da buga hannun kujera. Ta ce shekara da shekaru tana koyar da ɗalibai masu kai, ba ta taɓa samun wanda ke yawo da kwanan wata na sama a cikin kansa ba. Daga ranar ta daina ce mini “ke”, ta koma kirana Rabi.

Wajen ƙarshen sanyi Daniel ya zo, suka rufe ƙofa suka daɗe suna ɗaga murya. Da ya tafi ta gaya mini ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da shi, za ta koma in zafi ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana shafa murfin wani tsohon littafin rubutu da ke cinyarta.

“Akwai wasu duwatsu a bayan bakin tekun Orchard Beach,” ta ce. “Tun ina da ƙuruciya nake zuwa duk irin wannan lokaci, in duba abin da ke ƙarƙashinsu in rubuta. Bara ban je ba. In bana ma ban je ba, shi ke nan. Rabi, ki ara mini idanunki da bayanki sau uku kawai.”

Dokar aikinmu a bayyane take, na kuma sa hannu a kanta: ba a fita da tsoho sai zuwa wurin likita ko kanti, ba a sa shi a motar gida, balle a kai shi kan duwatsu masu santsi. Na ce ta ba ni kwana biyu. Da yamma muna cin tuwon semo da miyar kuka na kawo zancen. Babanku ya dawo daga layin tasi na filin jirgin saman JFK a gajiye. Ya tsayar da loma a hannu yana dubana.

“Tsutsa,” ya ce. “Rabi, aikin da ke riƙe da inshorar lafiyar gidan nan za ki ɗora a kan tsutsa?”

“Ba tsutsa ba ce a wurinta, Malam. Gonarta ce.”

Ke Zainab lokacin kin samu gurbi a kwaleji, takardar tana manne a jikin firij. Kika ce mini da Turanci, “Mama, in suka gano korar ki za su yi.” Na ce na sani. Babanku ya wanke hannu ya tashi. Ban yi nufin taɓa masa wani tabo ba, amma na taɓa. Mahaifinsa a ciwon ajali ya yi ta roƙo a kai shi gonarsa ta Bichi ko da a kwance ne, 'yan'uwa suka ga wahala ce ba dalili, shi kuma babanku yana nan ba takardun tafiya. Washegari bayan asuba yana ɗaure takalmi, bai ko ɗago kai ba ya ce,

“Ran nawa ga wata ne ruwan ke janyewa?”

A wannan bakin ruwan, ranar babbar janyewa da sassafe take kamawa. Babanku ya haƙura da fasinjojin jiragen safe masu zuwa daga gida, waɗanda su ne cinikinsa mafi kyau, ya ɗauke mu gari na wayewa. Muka sa mata takalman roba da rigar sanyi, ni a dama shi a hagu, muka bi wata 'yar hanya cikin itatuwa har muka fito kan duwatsu. Ruwa ya ja baya ya bar fili baƙi mai sheƙi, ciyawar teku kwance a kai, wari kamar na kasuwar kifi amma mai tsabta. Madam Helen ta tsaya ta ja numfashi. Da ƙafa ta gane wurin. Ta ce mu je wajen wani babban dutse mai tsagi a tsakiya, daga nan a yi taku goma zuwa ruwa. Babanku ya kafa mata kujerar naɗewa, na durƙusa na kama dutsen farko na birkice shi. Ƙaguwoyi suka watse. Sai ga tsutsar nan a cikin yashi, tsawon tafin hannuna, kore-kore da ruwan tagulla, tana walƙiya kamar shadda sabuwar bugu, gefenta biyu suna kaɗawa a jere. A tsakiyar bayanta akwai wani jan zare, na ga yana bugawa.

“Jininta ke nan,” in ji Madam Helen. “Ki gaya mini komai. Tsawonta, launinta, ko wutsiyar sabuwa ce. Abin da kika gani kawai, ban da abin da kike zato.”

Na faɗa, ta maimaita, na rubuta a littafinta da hannuna mai kama da tafiyar kaza. Sannan ta buɗe tafin hannu ta ce in ɗora mata. Ta bi gefen tsutsar da ɗan yatsa a hankali, fuskarta ta saki irin yadda ban taɓa gani ba. Kowane dutse in na gama sai ta sa na mayar da shi yadda na same shi, don halittun da ke ƙasansa rana ke kashe su, na samansa kuma duhu. Babanku da ya ce shi direba ne kawai, bai yi minti goma ba ya naɗe ƙafar wando. Ya ɗauki wata babba yana yi mata kallon raini, ta fito da haƙoran nan ta ɗan tsunkule shi a yatsa. Ya yarfe hannu yana salati, tsohuwa tana dariya har da hawaye. Tun daga ranar yake ce mata Goggo, ita kuma ta kira shi da sunansa, Lawan, da wani irin lanƙwasa harshe.

Zuwa na biyu ma lafiya lau. A na uku mun gama, mun mayar da dutse na ƙarshe, babanku ya yi gaba da kujera, ni ina riƙe da ita. Ta ce in sake ta, tana son ta ɗan tsaya da ƙafarta ta fuskanci ruwan. Na sake ta. Taku ɗaya ta yi ta taka jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta tafi ta gefe, ta tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Muka ɗauke ta zuwa mota, wuyan hannun ya soma kumbura, leɓenta ya yi fari. Ina zaune da ita a baya ta kama mayafina da hannu mai lafiyar.

“Rabi, a kicin na faɗi. Mu biya gida ki canza mini kaya. A kicin na faɗi, kin ji?”

Ba zan ɓoye muku ba, na so in yarda. Daga inda muke zuwa gidanta bai kai minti goma ba. Na tuna takardar da ke jikin firij. Babanku ya dube ni ta madubi, ya bar mini zaɓi. Kada ku ɗauka wani tsarki gare ni, ai sau uku na karya doka da sanina. Amma ban san ko kanta ya bugi dutse ba, likita kuma ya kamata ya san inda ta faɗi da yadda ta faɗi. Sannan akwai rahoto da zan rubuta in sa hannu, in kuma ci gaba da kallon ɗanta a ido. Na ce, “Malam, wuce asibiti kai tsaye.” Da nas ta tambaya, na faɗi komai. Madam Helen ta juya fuskarta bango, ba ta sake yi mini magana ba.

Ranar Litinin ejensi ta kira ni ta karɓe katina. Daniel ya bugo waya ya faɗa mini maganganu masu zafi, ban ga laifinsa ba, uwarsa ce. Cikin kwana goma ya kwashe ta zuwa Connecticut, watannin da suka rage mata a gidanta suka tafi ke nan, gaskiyata ce ta cinye mata su. Labari ya zaga, duk inda na je neman aikin kula sai a ce za a kira ni. Wata bakwai na yi ina kitso a wani shago a kan titin 125 tare da wasu mata 'yan Nijar, a tsaye tun safe, yatsuna suna kumbura. Babanku ya ƙara awoyin tuƙi, bai taɓa ce mini “ai na gaya miki” ba. Ke kuma Zainab kika cire takardar daga jikin firij da hannunki, kika rubuta wa kwaleji su ɗaga miki shekara, kika kama aiki a wani kanti. Kina gaishe ni da safe, kina gaishe ni da yamma, ban da wannan ba abin da ke haɗa mu.

Ganye ya soma zuba lokacin da Daniel ya sake kira. Muryarsa ta sauka. Ya ce yana kwashe kayan gidan ya tarar da littafin, ya ga shafuka na ƙarshe da rubutun da ba na uwarsa ba, ya zauna a ƙasa ya karanta su duka. Ya ce ba ta cin abinci sosai, kuma sau biyu ta kira mai kula da ita Rabi. Ko zan zo ranar Lahadi? Na duba, Lahadin ta kama ashirin da tara ga wata. Babanku ne ya kawo shawarar. Bayan asuba muka biya ta duwatsun, ya ɗebi yashi da ruwan teku a kular da nake zuba masa abinci, na ɗaga dutse na samo tsutsa guda na saka. Ke Zainab ba ki so zuwa ba, ya ce ki shiga mota, ya ɗora miki kular a cinya ya ce kada ta girgiza. Haka kika riƙe ta har Connecticut kina kallon taga.

Mun same ta a kujera kusa da taga, ta ƙanƙance, hannun ya warke amma ya ɗan karkace. Na yi sallama, ta gane muryata.

“Kin tona mini asiri,” ta ce.

“Abin da ya faru na faɗa, Madam.”

“Na sani,” ta ce. “Na taɓa korar ɗalibi saboda ya rubuta abin da bai gani ba. Ga ni nan na ce ki yi irinsa. Zo ki zauna. Me nake ji haka kamar teku?”

Babanku ya rufe ƙofa a hankali ya buɗe kular. Na kama hannunta na sa a ciki. Ta lalubi yashin har ta same ta, ta tallafo ta cikin ruwan.

“Ƙarama ce,” ta ce daga baya. “Haihuwar bana ce. Lawan, ruwa zai sake janyewa wajen faɗuwar rana, ku mayar da ita kafin ta ji zafi. Wace ce tsaye a bakin ƙofa?”

Na ce Zainab ce, babbar 'yata. Ta sa kika matso, ta goge jiƙaƙƙen hannunta a bargo ta kama naki. Daniel ya riga ya gaya mata abin da ya same mu.

“Ni na roƙa, mamanki ta yarda, ke aka ɗora wa,” ta ce. “Ba a tambaye ki ba. Ki yi haƙuri, 'yata.”

Kika ce ba komai. Ranar ta cinye dambun naman da na kai mata, tana cewa yaji ya yi yawa tana ƙara ɗiba. Da yamma muka mayar da tsutsar. Mun ƙara zuwa wurin Madam Helen sau huɗu, a cikin sanyin shekarar ta rasu. Daniel da kansa ya rubuta takardar shaida da ta sa na koma aikin kula a wata ejensin, inda na yi har na ajiye aiki.

Hauwa, ke kina ƙarama, abin da kika sani kawai shi ne shekarar ba a yi muku ɗinkin sallah ba. Yanzu kin san dalili. Zainab, ke kuma akwai abin da ya rage tsakaninmu. Ranar da Madam Helen ta ba ki haƙuri, ina tsaye ina gyara mata bargo kamar ban ji ba. Kin je kin yi karatunki, kin yi aure, kin haifa mini jikoki, ba ki taɓa tayar da zancen ba, ni ma na fake da shirunki. Shekara guda na ɗauka daga rayuwarki ban nemi izininki ba. Da za a maimaita, ina jin zan sake kai ta duwatsun, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da sai na fara zama da ke a bakin gado na tambaye ki. Ki yafe mini.